Agogon Zamani a Ruwan Tiga: Shin Zai Iya Zama Kwamfutar Nutso?

Tun da Apple ya fitar da Apple Watch Ultra a watan Satumba na 2022, agogon kamfanin ya samu sabon aiki: raka mai nutso zuwa ƙarƙashin ruwa har zurfin mita 40. Ga matasan Rano da Kibiya maganar ba ta nesa ba ce, domin madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, tana nan kusa, kuma ana isa bakin ruwanta ta ɓangaren Rurum. Ga kuma agoguna masu siffar Ultra sun cika kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. To amma kama da wane ba ta wane.

Aikin kwamfutar nutso lissafi ne a kan jinin mutum. Duk mita 10 da mai nutso ya sauka, nauyin da ke danne jikinsa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da ke kan doron ƙasa. Idan yana shaƙa daga tukunyar iska da ya goya, iskar naitirojin tana narkewa a jininsa da tsokarsa gwargwadon zurfi da daɗewa. In ya taso da gaggawa, sai ta yi kumfa a jiki kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe. Abin da ke biyo baya shi ne ciwon gaɓoɓi, shanyewar jiki, wani lokaci ma rasa rai. Saboda haka kwamfutar take auna zurfi daƙiƙa bayan daƙiƙa, ta faɗi mintunan da suka rage, ta yi gargaɗi idan tasowa ta wuce kimanin mita 9 zuwa 10 a minti, sannan ta tsayar da mutum minti 3 a zurfin mita 5 kafin ya fito.

Apple Watch Ultra yana yin wannan ne ta manhajar Oceanic+, kuma sai an biya kuɗin rajista ake buɗe ɓangaren nutso da tukunya. Garmin yana da jerin Descent da aka ƙera musamman don nutso, Huawei kuma ya fitar da Watch Ultimate a 2023. Dukkansu suna ɗauke da na'urar auna matsin ruwa ta gaske.

Wannan na'ura ita ce babu a cikin irin su T800 Ultra da ake sayarwa da araha. Suna da maɓallin nan mai ruwan lemo, suna da faffaɗar fuska, amma ba su san bambancin mita 1 da mita 20 ba. Rubutun jikin kwali ma yana ruɗar mutane. IP68 galibi yana nufin ruwa marar zurfi, kamar mita ɗaya da rabi na minti 30, wato alwala da ruwan sama. 5ATM kuwa, duk da ana fassara shi da mita 50, iyakarsa ninƙaya a saman ruwa. Alamar da mai nutso zai nema ita ce EN13319, ƙa'idar Turai ta kayan auna zurfi.

Ko da agogon na gaske ne, Tiga tana da nata sharuɗɗan. Ruwan daɗi ya fi na teku sauƙi da kusan kashi 3 cikin ɗari, don haka in manhaja tana da zaɓin irin ruwa, sai a saita shi. Mafi muhimmanci, yankin ya haura mita 300 sama da teku, iyakar da masana nutso ke fara sauya lissafi, domin ƙarancin matsin iska a tudu yana sa kumfar nan saurin tasowa. Jadawalin da aka yi don gaɓar Legas ba zai yi daidai a nan ba. Da damina kuma ruwan yana gurɓata da laka har mutum ba ya ganin hannunsa sosai, a nan girgizar agogo ta fi rubutun fuskarsa amfani. GPS da Bluetooth kuwa ba sa aiki a ƙarƙashin ruwa, don haka wanda ya maƙale a koma ko reshen bishiya ba zai iya kiran kowa ta waɗannan hanyoyi ba.

Sai babbar magana. Masunta da samarin da ke nutso a Tiga da kududdufai yawanci riƙe numfashi suke yi, ba su da tukunya. Haɗarinsu daban ne: iskar oksijin ta ƙare a jini, mutum ya suma, sau da yawa yana gab da fitowa, ba tare da wata alama ba. Agogo zai nuna zurfi da daƙiƙoƙi, amma ba zai hango sumar ba. Hasali ma lambobin suna iya zama tarko, idan abokai suka fara gasar wa ya fi zurfi don ɗorawa a TikTok. Haka ma masu shiga rijiya: abin da ke kashe su gurɓatacciyar iska ce a ƙasan ramin, kuma babu ɗaya daga cikin agogunan nan da ke shinshino ta.

Su kansu kamfanonin sun gindaya sharaɗi: mai nutso da tukunya ya zama ya samu horo da takardar shaida, ya shiga da abokin nutso, ya kuma riƙe wani ma'aunin zurfi da lokaci na daban, ko da batir zai mutu a ƙasan ruwa.