Gwauraye Da Rabon Abinci A Urushalima

Tsattsaguwa ta farko da muka gani a cikin ikkilisiya ba a kan koyarwa ta taso ba. A kan abinci ne da harshe. Labarin yana cikin Ayyukan Manzanni sura 6.

Masu bi na Urushalima Yahudawa ne, amma kashi biyu. Akwai 'yan gida masu yaren ƙasar, akwai kuma waɗanda suka girma a wasu ƙasashe, Helenanci ne a bakinsu. Kowace rana ana raba wa gwauraye abinci. Sai aka lura gwaurayen masu Helenanci ne ake tsallakewa. Luka bai ce da gangan aka yi ba. Mai rabo yakan fara tuna wadda ya san gidanta, wadda za ta gaishe shi da yarensa. Gunaguni ya tashi.

Mu a Suleja mun san wannan sarai. Tun da gwamnati ta koma Abuja a 1991, garin ya cika da baƙi, har Kwamba da Gauraka da Madalla. A benci ɗaya za ka ga Gbagyi, Koro, Gade, Bajju da Angas. Hausa ce ke haɗa mu a sujada, Littafi Mai Tsarki kuwa yana hannunmu da Hausa tun 1932. Amma in aka zo zaɓen dattawa, ko rabon taimako daga baikon gwauraye, sai kowa ya tuna da yaren uwarsa. Tsakanin sashen Hausa da sashen Turanci ma akan ji irin wannan ƙorafi.

To, me manzanni suka yi? Ba su tsawata wa masu gunaguni ba, ba su kuma ce a raba majami'a biyu ba. Sun tara jama'a, suka ce a zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Ku lura da sunayen: Istifanas, Filibus, Burokoras, Nikanar, Timan, Barminas da Nikolas. Dukansu sunayen Helenanci ne. Wannan ya sa masana da yawa ke ganin daga ɓangaren da aka tauye aka ɗauko su. Nikolas ma ba a haife shi Bayahude ba, mutumin Antakiya ne da ya shiga addinin Yahudawa. Wato masu rinjaye suka ɗauki tukunya da ludayi suka damƙa wa waɗanda suka yi kuka. A ganinmu wannan ya fi wa'azi goma a kan ƙauna wuya, gama mutum yakan yarda ya ba da kyauta, amma sakin maɓallin rumbu sai mai bangaskiya.

Bayan haka maganar Allah ta yi ta yaɗuwa, har firistoci masu yawa suka ba da gaskiya. Daga cikin masu rabon abincin nan ne Istifanas ya zama na farko da aka kashe saboda sunan Yesu, Filibus kuma ya kai bishara Samariya, wurin mutanen da Yahudawa ba sa cin abinci tare da su.