Labari Ɗaya, Rubutu Uku: Abin da Rediyo, Dandamali da Fim Ke Nema Wurin Marubuci

Ɗauki wannan ɗan labari. Mace tana haɗa kayan wanki, ta zura hannu a aljihun babbar rigar mijinta, sai ta zaro katin ɗaurin aure da sunansa ɓaro-ɓaro a jiki. Marubucin littafi yana iya cinye shafi uku a wannan wuri: ya shiga zuciyarta, ya tuno mana ranar da aka kawo ta gidan, ya gaya mana abin da ta so faɗa da abin da ta haɗiye. Mai rubuta fim ba shi da wannan damar, domin kyamara ba ta ɗaukar tunani. Abin da zai rubuta shi ne hannu ya shiga aljihu, kati ya fito, ta karanta, ta mayar da shi inda yake, ta ci gaba da wanki tana murza rigar da ƙarfin da ya wuce kima. Mai rubuta wa rediyo kuwa ko katin ba shi da shi, tunda mai sauraro ba ya ganin komai. Dole a ji ƙarar takarda, a ji motsin ruwa a bokiti ya ɗauke, sannan a samo mata wadda za ta yi wa magana, ƙanwa ko maƙwabciya, yadda abin da ke jikin katin zai fito ta baki ba tare da ya yi kama da sanarwa ba.

Wannan bambanci shi ne nake ganin har yau ba mu ba shi haƙƙinsa ba a harkar wasan kwaikwayon Hausa, kuma abin yana da asali. Wasanmu na zamani ta kunne ya girma. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya raini masu sauraro da wasanni irin su Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan, kuma Samanja na marigayi Usman Baba Pategi ya yi suna a rediyo da talabijin duka. Ƙarfin irin waɗannan wasanni a baki yake, a iya zance da saurin mayar da amsa. Sau da yawa ba a rubuta kowace kalma, sai a gaya wa 'yan wasa inda za a tashi da inda za a sauka, su cike tsakiyar da kansu. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, 'yan kulob-kulob na wasan kwaikwayo ne suka shigo fim da wannan al'ada. Daga baya marubutan littafi suka biyo, aka mayar da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa fim. Gado biyu ke nan, na rediyo da na littafi, kuma dukansu da kalma suke aiki. Shi ya sa har gobe za ka ga fim ɗin da mutum biyu za su zauna a kan kujerun falo minti shida suna ba juna labarin abin da ya kamata a ce mun gani da idonmu. Mai son ya gwada, ya rufe ido ya saurari fim na minti goma. In bai rasa komai ba, to wasan rediyo aka ɗauka da kyamara.

Shi kansa rubutun rediyo ba abin rainawa ba ne. Tsarinsa a takarda mai sauƙi ne: sunan mai magana a hagu, maganarsa a dama, kowane layi da lambarsa, don idan an yi kuskure mai ba da umarni ya ce a koma layi na 14 kowa ya gane nan take. Ana rubuta sautuka da kiɗa da manyan baƙaƙe don kada ɗan wasa ya karanta su a matsayin magana, kuma ana ƙoƙarin kada maganar mutum ta tsallaka shafi, saboda makirfo yana kama ƙarar juya takarda. Muryoyi ba sa yawa a fitowa ɗaya, uku ko huɗu sun isa, in sun wuce haka mai sauraro ya rikice.

Akwai wata matsala da ta keɓanci marubucin Hausa a nan. Ƙa'idar rediyo ita ce a riƙa ambaton sunaye don a san wa ke magana da wa. To amma a gidan Bahaushe na gargajiya mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, suruka da suruki kuwa sai kauce-kauce. Marubucin da ya sa uwa ta ƙwala wa ɗan farinta kira da sunansa na yanka don kawai ya sauƙaƙa wa mai sauraro, ya ɓata wasan a kunnen duk wanda ya san gida. Gwani sai ya nemi wata hanya: Malam, Alhaji, Baban wance, ko laƙabin da gida ya sa wa yaro, ko ya bar wani na gefe ya ambaci sunan. Sallama ma babban makami ce a rediyo. Da an ji ta an san wani ya shigo, an san namiji ne ko mace, kuma daga yadda aka amsa an san ko ana maraba da shi. Amma wannan sallamar da gaisuwar da ke biye da ita, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, idan aka kwashe su dukansu aka zuba a kowace fitowa ta fim, lokaci kawai suke ci. Ido ya riga ya ga wanda ya shigo. Sai dai in gaisuwar ce ke ɗauke da saƙon, kamar a ce amarya ta gaishe da uwargida ita kuma ta amsa a daƙile.

Rubutun dandamali ya fi kowanne zama sananne a wurinmu, domin shi muka karanta a makaranta: Wasan Marafa na Abubakar Tunau, Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, Uwar Gulma na Mohammed Sada, Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Ana raba shi kashi-kashi da fitowa-fitowa, a ɗan bayyana wuri da shigar mutane, sauran duk magana ce. Wurare ba sa yawa, saboda canza dandamali aiki ne, kuma abin da ba zai yiwu a gaban 'yan kallo ba sai wani ya shigo ya ba da labarinsa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi duk hanyoyin nan: littafi ne na 1934, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan dandamali, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Tafiyar hamada da mai littafi ya ba da labarinta, mai dandamali sai dai ya nuna alamarta, mai fim kuwa sai ya nemo rairayi da raƙuma.

A fim ne tsarin shafi ya fi tsanani, kuma matasa da yawa suna ɗaukarsa a matsayin iyayin Turawa. Ba haka ba ne. Ƙa'idar da Hollywood ta yaɗa ita ce a buga da salon baƙin Courier mai girman lamba 12, wanda kowane baƙi nasa faɗinsa ɗaya ne da ɗan'uwansa. Da wannan, shafi ɗaya yakan ba da kimanin minti ɗaya a allo, saboda haka rubutu mai shafi 100 fim ne na wajen minti 100. Kowace fitowa tana farawa da kan magana da manyan baƙaƙe mai amsa tambaya uku: ciki ko waje, ina ne, rana ko dare. Misali, CIKI. ƊAKIN UWARGIDA. DARE. Ƙarƙashinsa a rubuta abin da ido zai gani kawai, kamar yanzu yake faruwa, sannan sunan mai magana a tsakiyar shafi, maganarsa a ƙasa cikin siririn layi. Manhajoji irin su Final Draft da Celtx suna yin wannan jerin da kansu.

Amfanin wannan tsari a lokeshin yake fitowa. Rubutun fim kamar zanen gida ne da ake miƙa wa magina, kowa na duba nasa ɓangaren. Daga waɗannan kanun furodusa zai tattara duk fitowar da ke faruwa a gida ɗaya a ɗauke su a jere, ko da ɗaya a farkon fim take ɗaya a ƙarshe. Mai haske zai ƙirga dararen da zai yi aiki, mai kula da sutura ya san wace riga za a maimaita. Marubucin da ya rubuta cewa wance ta ji zuciyarta ta karye bai ba kowa aiki ba, domin babu wanda zai iya ɗaukar wannan jimlar. Game da ginin labari kuma, littafin Syd Field na 1979 ya yaɗa tsarin kashi uku, wato gabatarwa, rikici, warwara. Yana da amfani ga mai koyo, amma ban yarda a mayar da shi doka ba. Finafinanmu sun daɗe da saka waƙa a tsakiyar labari, abin da suka koya daga Indiya, kuma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko waƙar ta tura labarin gaba ko ta tsayar da shi.

Harshen da ake sa wa a bakin mutane shi ma yana buƙatar hattara. Hausar littafi da Hausar baki ba ɗaya ba ne. Jimlar da ta yi kyau a takarda, mai karin magana biyu a jere, tana iya sarƙe ɗan wasa, kuma ba kowane mutum ke magana da azanci ba. Barikancin Samanja ya zauna ne domin haka ake ji a bariki. Abin da ke damuna shi ne yadda aka mayar da Sakkwatanci da Hausar mutanen karkara kayan ban dariya kawai, alhali akwai alƙali da likita da malamin jami'a masu magana da su. Sannan akwai sakacin baƙaƙe masu lanƙwasa. Wanda ya rubuta kasa alhali ƙasa yake nufi, ya bar ɗan wasa da lalube a gaban kyamara.

Zuwan Arewa24 a 2014, da shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, ya canza yadda ake aikin. Nan ba a iya dogara da fasahar baki, domin labari ne na shekaru, mai mutane da yawa da zaren labari uku ko huɗu a lokaci guda. Dole marubuta su zauna tare, a san abin da kowane mutum ya sani da abin da bai sani ba tukuna, a gina kowane kashi yadda zai tsaya a kan gaɓa kafin talla da kuma a ƙarshe. Marubutan littafi irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih sun shiga wannan fage sun koyi horonsa. Shirye-shiryen Labarina da Izzar So sun nuna cewa YouTube ma kasuwa ce, sai dai tana da tarko: buƙatar fitar da sabon kashi kowane mako tana sa a riƙa jan labari, fitowar da ta isa a minti biyu a miƙar da ita zuwa bakwai.

Ɗalibin da ke son rubutun dandamali zai shiga kasuwa ya sayi littafi ya ga yadda magabata suka yi. Mai son rubutun fim ko na rediyo da Hausa da wuya ya samu ko guda ɗaya da zai riƙe a hannu, domin da an gama ɗauka takardun sukan watse. Ya kamata sassan koyar da wasan kwaikwayo na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, su nemi izinin masu su, su tattara rubutun fitattun finafinai da wasannin rediyo, a adana, a buga wasu daga ciki tare da gyare-gyaren da darakta ya yi da biro a gefen shafi.