Tafiya a Keke Tsakanin Dausayi da Rijiyoyin Mai a Iyakar Holan da Jamus

A kudu maso gabashin lardin Drenthe na ƙasar Holan, dab da iyakar Jamus, hanyoyin keke suna ratsa wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda mutanenta suka samo makamashi iri biyu daga cikinta, ɗaya a saman ƙasa, ɗaya kuma a can ƙarƙashinta.

Na farko shi ne makamashin dausayi, wato matattun tsirrai, galibi wani nau'in gansakuka, waɗanda ruwa da rashin iska suka hana su ruɓewa gaba ɗaya, suna taruwa sannu a hankali har kaurinsu ba ya ƙaruwa da fiye da kimanin milimita 1 a shekara. Mazauna yankin sun daɗe suna haƙa magudanai don janye ruwan, su yanka ƙasar kamar tubali, su shanya ta, sannan su ƙona ta domin girki da ɗumama ɗakuna. Ta haka aka cinye mafi yawan babban dausayin Bourtange, sai ɗan abin da ya rage a Bargerveen, mai faɗin sama da hekta 2,000, inda hukumar kula da gandun daji take toshe magudanan domin ruwa ya dawo, tun da busasshen dausayi yana sakin iskar kabon da ke ɗumama duniya.

Na biyu shi ne ɗanyen mai, wanda aka gano a garin Schoonebeek a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanin NAM, da aka kafa a 1947, ya cika gonakin da famfuna masu ɗaga kai suna sunkuyarwa, har zuwa 1996 da aka dakatar da aikin saboda kaurin man ya sa haƙo shi ya yi tsada. A 2011 aka koma kansa ta hanyar ɗura tururi domin ya tsinke. A garin Twist na ɓangaren Jamus akwai gidan tarihin mai da iskar gas.

Keke ne ya fi dacewa da wannan wuri, domin rashin tuddai da kuma lambobin da aka kafa a mararraba suna sauƙaƙa tafiya, tafiyarsa ta sannu kuma tana ba matafiyi damar lura da cewa abin da ya yi dubban shekaru yana taruwa, cikin ƴan ƙarnuka aka ƙarar da shi, gyaransa kuwa sai jikoki ne za su ga kammaluwarsa.