BABI NA UKU: DACEWAR MOTAR LANTARKI DA SANA'AR TASI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar motar lantarki da sassanta da kuma yadda take aiki. A wannan babi kuwa za a duba ko irin wannan mota za ta iya ɗaukar wahalar sana'ar tasi. Dalilin keɓe tasi shi ne, motar gida takan yi 'yar gajeruwar tafiya ne da safe, ta wuni a ajiye, ta koma gida da yamma. Ita kuwa tasi tun asuba take kan titi, kuma duk sa'ar da ta yi a tsaye asara ce ga direba da mai mota. Saboda haka motar da ta gamsar da ma'aikacin ofis ba lallai ne ta gamsar da direban haya ba. Za a fi mayar da hankali a kan birnin Shenzhen na ƙasar Sin, domin yana cikin manyan biranen da suka fara mayar da kusan dukkan tasinsu na lantarki.

3.1 Waiwaye

Mutane da dama na ɗaukar tasin lantarki a matsayin sabon abu, alhali kuwa ya girmi tasin fetur a wasu birane. A watan Agusta na shekarar 1897 aka fara ganin tasin lantarki a titunan Landan, waɗanda wani injiniya mai suna Walter Bersey ya tsara. Idan batir ya ƙare sai motar ta koma gareji a sauke shi a ɗora mata wani. Sai dai nauyin batiran ya riƙa cinye tayoyi, jijjiga kuma ta riƙa lalata batiran kansu, har kuɗin gyara ya fi ƙarfin kamfanin, aka janye motocin a 1899. A birnin Niyok na Amurka ma an fara irin wannan haya a 1897, ta bunƙasa na ɗan lokaci, amma kamfanin da ya mamaye ta ya durƙushe a 1907. Matsaloli ukun da suka kayar da waɗannan motoci, wato nauyin batir da gajeruwar tafiya da tsawon lokacin caji, su ne dai har yau ake auna tasin lantarki da su.

3.2 Birnin Shenzhen

Shenzhen birni ne da ke kudancin Sin, daura da Hong Kong, kuma ƙidayar 2020 ta nuna mutanensa sun haura miliyan 17. A nan ne hedikwatar kamfanin BYD take, wanda Wang Chuanfu ya kafa a 1995. Abin lura shi ne, da sana'ar batir kamfanin ya fara kafin ya shiga ƙera motoci. A shekarar 2010 aka saki rukunin farko na motarsa mai suna e6 a matsayin tasi, 'yan gomomi kawai, domin gwaji. Zuwa ƙarshen 2017 dukkan bas-bas na birnin, sama da 16,000, sun koma na lantarki, sannan zuwa farkon 2019 kashi 99 cikin 100 na tasin birnin 21,689 su ma sun koma.

Motar e6 ba kyakkyawa ba ce, kuma nauyinta ya haura tan biyu. Abin da ya sa ta dace da haya shi ne irin batirinta, wanda aka haɗa da sinadaran litiyam da ƙarfe da fosfet. Wannan batir ya fi sauran nauyi idan aka kwatanta da wutar da yake riƙewa, amma ya fi su jure yawan caji da zafi, kuma bai kai su saurin kama wuta ba. Ga motar da za a yi wa caji sau ɗaya ko sau biyu kullum, shekara da shekaru, wannan juriya ta fi rashin nauyi muhimmanci. Samfurin farko yana tafiyar kimanin kilomita 300 a caji ɗaya bisa faɗar kamfanin, na baya kuwa kimanin 400. A aikace, da fasinja da na'urar sanyaya mota da cunkoson titi, abin da direba ke samu yakan gaza haka.

Wannan ba ya nufin an yi tafiyar babu tuntuɓe. A watan Mayu na 2012 wata mota ƙirar Nissan GT-R da ke tsananin gudu ta bugi wata tasin e6 ta baya, ta kama wuta, mutum uku suka rasu, abin da ya tayar da hankalin jama'a a kan batiran. Kwamitin binciken da aka kafa ya ce ƙarfin bugun ne ya kashe mutanen, kuma batirin bai fashe ba.

Babban ƙorafin direbobi dai shi ne lokaci. Shan mai ba ya wuce minti biyar, amma cika batirin e6 yakan ci sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu. Da yawa daga tasin birnin direbobi biyu ne ke karɓa-karɓa a kansu, ɗaya da rana ɗaya da dare, kuma kowa na son ya miƙa wa ɗan'uwansa mota da cikakken batir. Sakamakon haka sai kowa ya nufi tashar caji a lokaci guda, layi ya yi tsawo. Haka kuma da yake kuɗin wuta ya fi sauƙi cikin dare, sai a sake yin wani cincirindon a lokacin da farashin ya sauka. Hanyar da aka bi wajen rage wannan matsala ita ce gina manyan tashoshin caji masu ɗaukar motoci da yawa a lokaci guda, wasunsu da wurin cin abinci da ɗakin hutawa, ta yadda lokacin caji ya zama shi ne lokacin cin abincin direba da ɗan barcinsa. Wato ba a gajarta lokacin ba, an dai cusa shi ne cikin hutun da dama direba zai yi.

Wajibi ne a faɗi cewa ba kasuwa ce kaɗai ta kawo wannan sauyi ba. Gwamnatin tsakiya da ta birnin sun zuba tallafi mai yawa wajen sayen motocin, an sauƙaƙa gina tashoshi, sannan hukuma ta sa wa kamfanonin tasi wa'adin sauya motocinsu. Ga kuma masana'antar motar a cikin gari, kayan gyara da ƙwararru ba su da nisa. Duk wanda zai kafa hujja da Shenzhen, sai ya haɗa da waɗannan sharuɗɗa.

3.3 Inda Aka Bi Wata Hanya da Inda Aka Faɗi

A Landan, tun daga 1 ga Janairu 2018 ba a ba sabuwar tasi lasisi sai tana iya tafiya ba tare da hayaƙi ba. Motar da ta cike wannan gurbi ita ce TX ta kamfanin LEVC, mallakar Geely na ƙasar Sin. Batirinta na kai ta kimanin kilomita 100, daga nan sai wani ƙaramin injin fetur ya tashi yana ba ta wuta. Ana iya cewa wannan dabara ce ta raba ƙafa, amma ta cire wa direba fargabar mutuwar mota da fasinja a ciki. A filin jirgin sama na Schiphol da ke Amstadam kuwa, a 2014 aka zuba motocin Tesla 167 a matsayin tasi. Aikin filin jirgi ya dace da lantarki ƙwarai, domin dama direba kan daɗe a layi yana jiran fasinja, kuma wuri ɗaya yake komawa.

Kamfanin Téo Taxi na birnin Montreal a Kanada shi ne misalin faɗuwa. Ya fara aiki a ƙarshen 2015 da motoci irin su Nissan Leaf da Kia Soul, ya rufe a Janairun 2019, kodayake daga baya wani ya sayi sunan ya farfaɗo da shi. Batiran waɗannan motoci ƙanana ne, sanyin Kanada kuma yana rage musu tafiya sosai, sai mota ta riƙa barin aiki tana komawa caji, alhali direbobin albashi ake biyansu bisa sa'o'i, ko an ɗauki fasinja ko ba a ɗauka ba.

3.4 Lissafin Riba da Asara

Injin fetur yana amfani ne da kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ƙarfin man da ya ƙona, sauran ya tafi a zafi da hayaƙi. Motar lantarki kuwa tana kai fiye da kashi 70 na wutar da ta sha zuwa tayoyi. Bugu da ƙari, idan ta tsaya a cunkoso kusan ba ta cin komai, idan kuma direba ya taka birki injin yakan mayar da wani ɓangare na ƙarfin gudun cikin batir. Tuƙin tsaya-tashi na cikin gari, wanda shi ne ya fi shan mai ga motar fetur, shi ne ya fi yi wa ta lantarki sauƙi.

Alal misali, a ɗauka tasi na yin kilomita 200 a rana. Motar fetur mai shan lita 9 a kowace kilomita 100 za ta sha lita 18. Idan aka ƙaddara lita a kan Naira 900, kuɗin mai ya kama Naira 16,200. Motar lantarki mai cin yunit 18 a kowace kilomita 100 za ta ci yunit 36, a ce 40 idan aka haɗa da wanda ke salwanta wajen caji. A kan Naira 225, farashin da aka sa wa masu rukunin A a Nijeriya a watan Afrilun 2024, kuɗin wuta ya kama Naira 9,000. Ragowar da ke tsakani ta haura Naira 7,000 a rana. Ban da wannan, babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu kuloci, babu salansa, birki ma ya fi daɗewa. Tayoyi ne dai suke saurin cinyewa saboda nauyi.

Sai dai lissafin yana da ɗaya gefen. Kuɗin sayen motar ya fi na tsohuwar motar Kwatano da akasarin direbobi ke haya da ita nesa ba kusa ba, kuma mai motar da ya zuba irin wannan jari dole ya ɗaga balas. Ke nan ribar tana fitowa ne kawai idan motar na yin doguwar tafiya kullum, ta kuma daɗe batirinta bai mutu ba. Na biyu, lissafin ya ginu ne a kan wutar gwamnati. Janaretan dizal yakan ba da kimanin yunit 3 a kowace lita, wato yunit 40 na buƙatar lita 13 ko fiye. Wanda ya yi caji da janareta ya mayar da kuɗin man da ya gudar, har da ɗoriya.

Shi ma caji iri-iri ne. Soket ɗin gida yana ba da kimanin kilowat 3, don haka batir mai ɗaukar yunit 60 zai buƙaci sa'o'i 20. Na'urar bango mai kilowat 7 za ta cika shi cikin dare ɗaya. Mai sauri ta kilowat 50 kuwa za ta kai shi kashi 80 cikin kimanin sa'a guda, amma irinta goma a tasha ɗaya suna buƙatar taransifoma tasu ta kansu.

3.5 Halin da Ake Ciki a Arewacin Nijeriya

Batun ya ƙara ɗaukar hankali ne bayan da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, ya kuma haura Naira 1,000 a 2024. Kafin nan an ɗan taɓa: a 2020 kamfanin Stallion ya fara harhaɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas, a 2021 kuma hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, a ƙarƙashin shugabanta na wancan lokaci Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Maiduguri ce ta fi kowane gari a Arewa nisa a wannan fage, kuma akwai abin mamaki a ciki, domin ita ce garin da ta shafe watanni masu yawa cikin duhu bayan da aka farfasa turakun wutar hanyar Damaturu a Janairun 2021. A can ne Mustapha Gajibo ya fara cire injin fetur daga ƙananan bas-bas yana sa musu batir. A Disambar 2023 kuma gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum ta ƙaddamar da motocin haya 107 masu aiki da gas da lantarki, 50 daga cikinsu tasin lantarki ne. Garin shimfiɗaɗɗe ne babu hawa da gangara, tafiye-tafiyen cikinsa gajeru ne, rana kuma ba ta ƙaranci, ga wahalar mai da ta riga ta horar da jama'a.

Abin da ya kamata a fi jin tsoro a wannan yanki shi ne zafi. Batirin litiyam yana saurin tsufa idan ana yi masa caji mai sauri yana da zafi, kuma a bazara Maiduguri da Sakkwato sukan wuce digiri 40. An ga haka a jihar Arizona ta Amurka a 2012, inda masu Nissan Leaf suka koka da raguwar ƙarfin batiransu tun motocin ba su tsufa ba, saboda batirin wannan mota ba shi da ruwan sanyaya shi. Don haka tsohuwar Leaf da aka shigo da ita da araha ba za ta yi ƙarko a haya a Kano ba. Motar da za ta dace ita ce mai batirin ƙarfe da fosfet, mai tsarin sanyaya batir da ruwa.

Akwai kuma matsalar gyara. Batirin mota yana ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 300 zuwa 400 ko fiye, wadda ke iya kisa nan take, don haka bakaniken da ya ƙware a kafireto da giya ba zai taɓa shi ba sai da sabon horo da kayan kariya da kwamfutar gano matsala. Direban da motarsa ta yi mako biyu a gareji tana jiran kayan gyara daga Sin ya cinye ribar wata guda.

Hasken rana ma yana da nasa ƙulli. Farantan sola suna ba da wuta ne da rana, lokacin da tasi ke kan titi, da dare kuma da motar ta huta babu rana. Sai dai ko a sayi wasu batiran ajiya, wanda ƙarin kuɗi ne mai yawa, ko a tsara aiki ta yadda motoci za su shiga caji tsakanin azahar da la'asar, lokacin da fasinja ke raguwa, direbobi kuma ke zuwa salla da cin abinci. Tsari irin wannan ya fi sauƙi ga kamfani ko ƙungiyar direbobi mai tasha ɗaya da motoci masu yawa, fiye da mutum ɗaya mai mota ɗaya da ke kwana da ita a ƙofar gida a unguwar da wuta ke zuwa sa'o'i huɗu a rana.