Wa ke biyan kuɗin filin sakin karnuka a birnin New York?

A watan Satumban 2023, masu shirya faretin karnuka na unguwar East Village da ke birnin New York a Amurka suka sanar da cewa ba za a yi bikin ba a wannan shekarar. Matsalar ta kuɗi ce: takardun izini da sauran ɗawainiyar da hukumomi ke nema sun fi ƙarfin aljihunsu. Ba a daɗe ba wani kamfanin abincin karnuka mai suna Get Joy ya ɗauki nauyin hidimar, aka yi faretin a watan Oktoba a kan titin Avenue B.

Duk wanda ya ga hotunan bikin, inda ake yi wa ɗaruruwan karnuka shigar ban dariya a lokacin Halloween, zai ɗauka shiririta ce kawai ta mutanen da ba su da abin yi. Amma bikin yana da wata manufa tun asali. Ɗaya ne daga cikin hanyoyin da mazauna unguwar ke tara kuɗin kula da wani killataccen fili da ke cikin dandalin shaƙatawa na Tompkins Square, inda mai kare zai kwance masa igiya ya bar shi ya yi gudu son ransa.

An buɗe filin a 1990, kuma shi ne irinsa na farko a birnin. Tarihinsa ya nuna abin da unguwanni da yawa ke ganowa a makare: kafa shinge shi ne mai sauƙi, riƙe wurin shekara da shekaru shi ne aiki.

Dalilin da ya sa kare ke buƙatar fili

Inda aka saba ganin kare a matsayin mai gadi ko abokin farauta, yana kwana a waje yana yawonsa, batun ware masa fili zai zama abin mamaki. A New York lamarin daban ne. An ƙiyasta akwai karnuka kusan 600,000 a birnin, kuma akasarinsu a cikin ɗaki suke zaune tare da masu su, a gidajen bene da ba su da tsakar gida.

Da zarar sun fito kuma, doka na jiran su. Dole kare ya kasance ɗaure da igiyar da ba ta wuce ƙafa shida ba. Tun watan Agustan 1978, zamanin magajin gari Ed Koch, wajibi ne mai kare ya kwashe kashin da karensa ya yi a titi, kuma tarar ƙin yin haka ta kai dala 250. Akwai lasisi na shekara-shekara, dala 8.50 ga karen da aka yi wa fiɗiya, dala 34 ga wanda ba a yi wa ba, ga kuma allurar rigakafin cutar haukan kare.

Karen da ya wuni a ɗaki, aka fita da shi a ɗaure na minti ashirin, shi ne wanda zai dami maƙwabta da haushi, ya cinye kujera. Wannan ita ce hujjar da masu karnuka ke kafawa idan sun je neman fili. Masu adawa su ma suna da tasu: ƙasa a Manhattan tsada gare ta, kuma duk taƙin da aka bai wa karnuka an rage shi ne daga na yara, tsofaffi da 'yan ƙwallo.

An fara daga kango

Ba a New York aka ƙirƙiro abin ba. Filin da ake ɗauka a matsayin na farko a Amurka yana garin Berkeley na jihar Kalifoniya, a wani zirin ƙasa da aka rushe gidajen da ke kai a shekarun 1960 domin haƙa hanyar jirgin ƙasa ta BART. Bayan an binne hanyar, wurin ya zauna ba kowa. A 1979 mazauna yankin, ciki har da Martha Scott Benedict da Doris Richards, suka fara amfani da shi a matsayin gwaji, hukumar garin kuma ta amince da shi a hukumance a 1983. Yau ana kiran sa filin Ohlone.

Na Tompkins Square ma daga lalacewa ya taso. A ƙarshen shekarun 1980 dandalin ya zama matattarar masu sayar da ƙwaya da mafakar marasa gida. A watan Agustan 1988 aka yi mummunar arangama tsakanin 'yan sanda da masu zanga-zanga kan dokar rufe wurin da ƙarfe ɗaya na dare. A cikin wannan yanayi ne masu karnuka na unguwar suka haɗa kai suka nemi a ba su wani ɓangare su killace.

Abin lura a nan shi ne, a wuraren biyu ba hukuma ce ta fara tunanin ba. Jama'a ne suka ga ƙasar da ba wanda ke so, suka shiga, daga baya hukuma ta bi sahu. Samun fili irin wannan a yau ya fi wuya nesa ba kusa ba, domin kangon da ba mai so ya yi ƙaranci.

Kafin a kafa turke ko ɗaya

Ƙungiyar da ke son sabon fili a New York a yanzu tana da ƙofofi da dama da za ta ƙwanƙwasa. Hukumar Kula da Wuraren Shaƙatawa ta birnin ce ke da ƙasar. Sai kwamitin unguwa, ɗaya daga cikin 59 da ke faɗin birnin, wanda mambobinsa ba albashi suke karɓa ba, kuma shawara kawai suke bayarwa. Amma shawarar tasu tana da nauyi, domin a zamansu ne mai gidan da tagarsa ke kallon filin zai tashi ya yi maganar haushi da wari.

Yadda rikicin kan yi zafi ya fito fili a 2006. Shekaru kusan ashirin hukumar na kawar da kai idan mutane suka saki karnukansu a wasu dandaloli daga ƙarfe tara na dare zuwa tara na safe. Wata ƙungiyar mazauna yankin Queens, Juniper Park Civic Association, ta kai ƙara tana cewa hakan ya saɓa wa dokar lafiya ta birnin. Hukumar, ƙarƙashin kwamishina Adrian Benepe, ta kare tsarin da cewa kasancewar masu karnuka da sassafe da daddare na sa dandalolin su fi aminci. A ƙarshen watan Nuwamba alƙali Peter Kelly ya yi watsi da buƙatar masu ƙarar, aka gyara dokar lafiya a watan Disamba, kuma a 2007 sa'o'in suka zama ƙa'ida a rubuce.

Idan an tsallake maƙwabta, sai zanen filin. Nan ma akwai abubuwan da gogewa ta koyar. Ƙofa biyu ake yi a jere, da ɗan sarari a tsakani: mutum ya shiga ta farko ya rufe, ya kwance igiya, sannan ya buɗe ta biyu, don kada wani kare ya sulale ya faɗa titi. Ana raba filin gida biyu, manyan karnuka daban ƙanana daban, domin karen da ya kai nauyin ɗan maraƙi zai iya ji wa ƙarami rauni ko da wasa yake. Ana buƙatar inuwa, famfo, benci da kwandunan shara masu murfi.

Abin da ya fi cin kuɗi kuwa shi ne wanda ido bai cika kula da shi ba, wato ƙasar da ake takawa da abin da ke ƙarƙashinta. Ciyawa ba ta jure ƙafafu da fitsarin ɗaruruwan karnuka a kullum. Cikin 'yan makonni sai ta koma taɓo. Ɓarɓashin katako yana da araha, amma yana shan fitsari ya riƙe wari, yana ruɓewa, dole a riƙa kwashewa ana zuba sabo. Niƙaƙƙen dutse ya fi ƙarko, sai dai yana tada ƙura idan ba a yayyafa masa ruwa, kuma ba ya aiki sai an shimfiɗa magudanar ruwa a ƙasansa.

Wannan ne ya sa gyaran da aka yi wa filin Tompkins a 2008 ya laƙume dala 450,000. An zuba niƙaƙƙen dutse, an sa ƙananan kwamin wanka guda uku, da tiyo na wanke kare kafin a koma gida. Birnin ya bayar da kaso, masu amfani da filin suka tara nasu suka haɗa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: ƙungiyar da ta zo da kuɗinta a hannu ta fi samun kunnen ɗan majalisa.

Sakaci da magudanar ruwa ba maganar ƙazanta kaɗai ba ce. A watan Janairun 2022 aka shiga fargaba a yankin Brooklyn bayan rahotannin mutuwar wasu karnuka da ke zuwa filin McCarren, inda aka yi zargin cutar leptospirosis, wadda ake ɗauka daga fitsarin ɓeraye a ruwan da ya kwanta. Cutar tana kama mutane ma. Hukumomi suka koma kan abin da masu zuwa wurin suka daɗe suna kuka a kai: ruwan da ba ya tsanewa da ɓerayen da ke cin shara.

Kuɗin gini daban, na riƙo daban

Ga inda ƙungiyoyi da yawa ke tuntuɓe. Kasafin kuɗin New York ya raba manyan ayyuka da kuɗin gudanarwa na yau da kullum. Ɗan majalisar birni ko shugaban yanki zai iya ware kuɗi don gina fili. Tun 2011 ma akwai tsarin da wasu 'yan majalisar ke ware aƙalla dala miliyan ɗaya kowannensu, su bar mazauna mazaɓa su kaɗa ƙuri'a kan ayyukan da za a yi da ita; har ɗan shekara 11 yana da ƙuri'a. Filayen karnuka kan shiga wannan takara, kafaɗa da kafaɗa da gyaran banɗakin makaranta ko sayen kwamfutoci.

Sai dai irin wannan kuɗi na gini ne, aikin da ya kai dala 50,000 kuma zai yi aƙalla shekara biyar. Ba a sayen ledar kwashe kashi da shi, ba a biyan mai gyaran famfo, ba a ƙaro tifar niƙaƙƙen dutse idan ruwan sama ya wanke na da. Wannan nauyi, a mafi yawan filayen birnin, yana kan masu aikin sa-kai ne. Su ke share wuri, su ke bin mutane da roƙon gudummawa, su ke raba faɗa idan karnuka biyu suka kaure masu su kuma suka ɗauki zafi.

Akwai tallafin kamfanoni, amma bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da buƙata. Kamfanin PetSafe ya fara gasar Bark for Your Park a 2011, inda garin Huntington na jihar West Virginia ya lashe dala 100,000 ta farko. Gari ɗaya ke nan, a ƙasar da ƙungiyar Trust for Public Land ta ƙirga filayen karnuka sama da 800 a manyan biranenta 100 kaɗai a 2019.

Saboda haka kowace ƙungiya da dabararta. Wasu na karɓar kuɗin zama mamba, wasu na sayar da riguna da kalanda, wasu na rubuta sunan mai bayar da gudummawa a jikin benci ko bulo. Kuɗin mamba yana kawo tambaya mai nauyi: idan ƙasar ta jama'a ce, da wace hujja za a sa mata kwaɗo a ce sai wanda ya biya? Filin Tompkins kyauta ake shiga, shi ya sa ya dogara da gudummawa da kuma bikin shekara.

Tsarin yana da wani lahani da ba a cika faɗa ba. Unguwar da ke da lauyoyi, masu zanen gini da mutanen da ke da lokacin halartar taro da yamma za ta rubuta takarda mai kyau, ta tara kuɗi cikin wata guda. Unguwar da mutanenta ke aiki biyu a rana ba za ta iya ba, ko da karnukanta sun fi yawa. Dogaro da sa-kai yana nufin ingancin fili yana bin ƙarfin aljihun maƙwabtansa.

Lokacin da biki ya fi ƙarfin masu shi

Faretin Tompkins ya fara ne a matsayin ɗan taron maƙwabta a cikin filin. Da ya yi suna, 'yan kallo suka koma dubbai, kafofin watsa labarai na duniya suka fara zuwa, sai hukuma ta fara kallon sa a matsayin babban taro mai haɗari.

A 2018 Hukumar Kula da Wuraren Shaƙatawa ta nemi masu shirya shi su yanki inshora mai tsoka, su kuma ɗauki alhakin duk abin da ya faru. Mutanen da ke aikin kyauta suka ce ba za su iya sa wuyansu a wannan ba, suka soke bikin. Sai da tashar wasanni ta ESPN ta shigo da kuɗi, wata ƙungiyar unguwa mai suna Good Old Lower East Side ta shiga tsakani, sannan aka yi shi, kuma ba a Tompkins ba, a dandalin East River da ke gaɓar kogi.

Shekara biyar bayan nan aka maimaita kusan irin wannan labari, wani kamfanin ya sake ceto shi. Ke nan taron da aka ƙirƙira don ya ciyar da filin ya girma har shi kansa yana neman mai ciyar da shi, kuma sau biyu cikin shekara shida ana sanar da mutuwarsa kafin a farfaɗo da shi.

Filin dai bai san da wannan ba. Yana nan a tsakiyar dandalin, tsakanin titin Avenue A da Avenue B, kuma ana cika shi tun da sassafe kafin mutane su tafi aiki, a sake cika shi da yamma. Kwamin wanka sai an zubar da ruwansu an sake tarawa, ramukan da karnuka suka tona sai an cike, ledojin da ke rataye a bakin ƙofa kuma idan suka ƙare sai wani daga cikin maƙwabta ya kawo wasu.