Majigin Zamani a Cikin Aji: Sanin Maɓallansa, Ramukansa da Kayan Aikinsa

Gabatarwa

Kalmar majigi ta daɗe a bakin Bahaushe. Asalinta daga sunan da Turawa suka raɗa wa wata tsohuwar na'urar haska hotuna ne, wato fitilar sihiri, wadda masanin ƙasar Holan, Christiaan Huygens, ya zana fasalinta a shekarar 1659. A shekarar 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, ƙarƙashin William Sellers, wanda tun da farko jami'in kiwon lafiya ne a Legas. Daga nan motocin majigi suka riƙa ratsa garuruwan Arewa ɗauke da janareta da farin yadi da lasifika, ana nuna wa jama'a finafinan tsabta da noman gyaɗa da auduga a ƙofar fada bayan sallar isha'i, wani mai fassara yana bayani da Hausa. Ɗalibin Mai'aduwa ko Zango ko Sandamu da ya tambayi kakansa labarin majigi zai ji abin mamaki.

A yau majigi ya ƙanƙance, bai wuce girman ƙamus babba ba, kuma ya shigo makaranta. Amfaninsa a fili yake: kwamfuta ɗaya tak tana iya isar aji mai cike da ɗalibai, kowa ya ga yadda zuciya ke harba jini ko yadda ƙwayar halitta ke rabuwa. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, saboda haka ɗalibin da bai taɓa ganin fuskar kwamfuta tana aiki ba yana shiga ɗakin jarrabawa ne da nakasu. Abin takaici, sau da yawa majigin makaranta yakan ƙare a kulle cikin kabad don tsoron kada ya lalace, ko kuwa a fito da shi ƙwansa ya ƙone kafin zango ya ƙare. Rashin sani ne ke haddasa duka biyun, kuma shi wannan maƙala ke son magancewa.

Yadda hoto ke fita

Sassa uku ne ginshiƙin kowane majigi: mabuɓɓugar haske, da sashen da ke tsara hoto, da gilashin ido mai ƙara girma wanda masana ke kira lensi. Tun ƙarni na goma sha ɗaya masanin nan Alhasan Ibnul Haisam ya bayyana cewa haske a miƙe yake tafiya, shi ya sa idan ya ratsa ƙaramar huda ya shiga ɗaki mai duhu, hoton abin da ke waje yakan bayyana a kife. Lensin majigi ma kifar da hoto yake yi, don haka na'urar takan tsara hoton a kife tun daga ciki, ya fito daidai a jikin allo.

Majigan makaranta iri biyu ne suka fi yawa. Nau'in LCD yana raba farin haske zuwa launi uku, ja da kore da shuɗi, kowanne ya ratsa ta wani ɗan faifan gilashi mai dubban ƙananan tagogi masu buɗewa da rufewa, sannan a sake haɗa su. Nau'in DLP kuwa, wanda Larry Hornbeck na kamfanin Texas Instruments ya ƙirƙiro tushensa a shekarar 1987, yana amfani ne da wani ɗan ƙaramin faifai mai ɗauke da dubban ɗaruruwan madubai, kowanne bai kai kaurin silin gashi ba. Madubin da ya karkato wajen lensi sai ya ba da ɗigon haske, wanda ya kau da kai sai wurinsa ya yi duhu.

A nan akwai wani muhimmin darasi. Majigi ba ya iya haska baƙi. Abin da muke gani baƙi a hoto, wuri ne kawai na allon da haske bai sauka ba. Idan hasken rana na shigowa ta taga yana dukan allon, baƙin zai koma fari-fari, rubutu ya dusashe. Rufe tagogin da ke kusa da allo da labule mai kauri ya fi ƙara ƙarfin fitila amfani.

Maɓallai da zobba

A kewayen lensi akwai zobba biyu. Na farko shi ne na daidaita kaifin hoto, wanda ake rubuta wa Focus. Aikinsa matsar da lensi gaba ko baya ɗan kaɗan. Ɗaliban Fiziks za su tuna da ƙa'idar nan ta 1/f = 1/u + 1/v. A ɗauka lensi mai tazarar tattara haske santimita 10 ne. Idan abin da za a haska yana nesa da shi da santimita 11, hoton zai fito tangararan a nisan santimita 110, girmansa ya ninka sau 10. Idan aka matso da shi zuwa santimita 10.5, hoton zai koma nisan santimita 210, ya ninka sau 20. Wato motsin rabin santimita ya kai hoton gaba da mita ɗaya cur. Wannan shi ya sa ake murɗa zoben a hankali, ana duban ƙananan haruffa har su fito sosai. Zobe na biyu, mai suna Zoom, shi ke ƙara girman hoto ko rage shi ba tare da an ɗaga na'urar ba.

A saman majigi kuma akwai jerin maɓallai, waɗanda ake samun irinsu a jikin rimot. Maɓallin Power shi ne na kunnawa da kashewa. Maɓallin Source, ko Input a wasu, shi ke gaya wa majigi ramin da zai karɓi hoto daga gare shi. Mafi yawan koken cewa majigi ya ƙi aiki daga nan yake tasowa: an soka waya a wani rami, na'urar kuwa tana sauraron wani rami dabam, sai allo ya yi shuɗi. Danna wannan maɓalli har a iso ramin da ya dace shi ne maganin.

Maɓallin Keystone na gyaran karkacewa ne. Idan aka ɗaga gaban majigi sama, hasken da ke zuwa saman allo yana yin tafiya mai nisa fiye da na ƙasa, sai saman hoton ya fi ƙasansa faɗi. Maɓallin yana matse saman don kusurwoyi su daidaita, amma yana rage kaifin rubutu kaɗan. Gara a fara daidaita mazaunin na'urar da ƙafafunta masu murɗawa kafin a nemi taimakon maɓallin. Akwai kuma Freeze mai tsayar da hoto cak, da Blank mai ɗauke hoto na ɗan lokaci, domin ɗalibai su mayar da hankali ga bayanin malami. A cikin Menu ake samun adadin awoyin da ƙwai ya yi yana aiki, da tsarin tattalin haske mai suna Eco, wanda ke rage zafi, ya ƙara wa ƙwai tsawon rai.

Ramukan baya da wayoyinsu

Ramin VGA shi ne mai launin shuɗi, mai huda 15 a jeri uku. Kamfanin IBM ne ya fito da shi a shekarar 1987. Hoto kaɗai yake ɗauka, ban da sauti, saboda haka mai amfani da shi sai ya nemi wata siririyar wayar sauti zuwa lasifika. Allurorinsa suna lanƙwashewa cikin sauƙi, kuma idan ɗaya ta karye hoto yakan rine ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan hoda. A soka shi a hankali, a ɗaure kusoshinsa biyu.

Ramin HDMI ya bayyana ne a farkon shekarun 2000. Yana ɗauke da hoto da sauti a waya ɗaya, kuma shi ya fi fitar da rubutu sarai. Duk inda kwamfuta da majigi ke da shi, shi ya kamata a zaɓa. Ƙananan ramuka uku masu launin ɗorawa da fari da ja na tsofaffin na'urorin bidiyo ne: na ɗorawa hoto, sauran biyun sauti. Ramin USB kuwa, a wasu majigan yana karanta hotuna kai tsaye daga filashi. Wayar salula tana buƙatar mahaɗi na musamman zuwa HDMI, kuma ba kowace ce ke iya fitar da hoto ta wannan hanya ba, don haka a gwada kafin a biya kuɗi.

Idan an haɗa komai amma hoton kwamfuta bai fito ba, a kwamfuta mai Windows sai a danna maɓalli mai tambarin taga tare da harafin P, a zaɓi tsarin da ke nuna abu ɗaya a fuskoki biyu.

Nisa da girman hoto

Kowane majigi na da adadin da ke nuna dangantakar nisa da faɗin hoto, yana rubuce a littafinsa. Idan adadin 1.5 ne, kuma ana son hoto mai faɗin mita 2, sai a ninka su, a ajiye na'urar a nisan mita 3 daga allo. Sai dai a tuna: idan aka ninka nisa sau biyu, faɗi da tsawon hoto za su ninka sau biyu, filinsa ya ninka sau huɗu, haskensa ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ana auna hasken majigi da lumen, kuma aji mai ɗan haske yana buƙatar kimanin lumen 3,000. Wata ƙa'ida da masu harkar ke bi ita ce kada nisan bencin ƙarshe ya wuce tsawon hoto sau shida. Ajin da zurfinsa ya kai mita 9 ke nan yana son hoto mai tsawon mita ɗaya da rabi. Inda babu allo na musamman, farin alawayyo da aka ja sosai ko bango mai farin fenti marar ƙyalli ya wadatar.

Wuta, zafi da ƙura

Abokan gabar majigi a ƙasar Daura uku ne. Na farko rashin daidaiton wuta. Lantarkin Nijeriya bolt 230 ne, na Amurka kuwa 120, don haka majigin gwanjo sai an duba bayansa an ga an rubuta 100 zuwa 240 kafin a jona shi. Mai'aduwa gari ne na kan iyaka, kaya na shigowa daga Jamhuriyar Nijar ta Kwangwalam, kuma da yawansu na zuwa ne da fulogi mai zagayayyun ƙafafu biyu irin na Faransa, alhali soket ɗinmu na ƙafa uku ne irin na Ingila. Tura irin wannan fulogi da ƙarfi da taimakon tsinke yana jawo tartsatsi. A sayi mahaɗi mai kyau, ko a sake wayar wutar. A sanya sitabilaiza tsakanin majigi da soket, kuma idan janareta ne a bari ya ɗau minti biyu ko uku muryarsa ta daidaita kafin a jona. Makarantar da ke da sola sai ta lissafa: majigi mai cin wat 300 zai sha wat-awa 600 a darasin awa biyu.

Na biyu zafi. Ƙwan yawancin majigai yana ɗauke da tururin zaiba, yana kuma yin zafi ƙwarai, fanka ce ke sanyaya shi. Idan aka zare fulogi kai tsaye ko wuta ta ɗauke, fanka za ta tsaya alhali ƙwai na cikin zafinsa, hakan kuwa na rage masa kwana. Wannan ne amfanin ƙaramin batirin ajiya da ake kira UPS: ko minti biyar ya bayar, ya isa a kashe na'urar bisa ƙa'ida. Ƙwai irin wannan yakan yi awa 2,000 zuwa 6,000, masu hasken leza ko LED kuwa sukan kai awa 20,000. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gara a yi darasin majigi da safe, a kuma bar tazarar akalla rabin mita tsakanin ramukan iskarsa da bango. Kada a ɗora masa littafi ko a shimfiɗa masa ɗankwali a ƙasa.

Na uku ƙurar hunturu. Tana toshe matatar iska, zafi ya taru, fitilar gargaɗi mai alamar Temp ta kama, na'urar ta kashe kanta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya kyautu a cire matatar kowane mako a kakkaɓe ta, a goge lensi da ƙyalle mai laushi irin na tabarau, a mayar da na'urar jakarta bayan ta huce.

Tsarin kunnawa da kashewa

A fara haɗa wayar hoto, sannan ta wuta. A cire murfin lensi, domin zafin haske na iya narkar da shi. A kunna majigi, sannan kwamfuta, a zaɓi rami, a daidaita girma da kaifi. In an gama, a danna maɓallin kashewa sau biyu, a saurara har fanka ta yi shiru, sannan a zare fulogi. Kada kowa ya leƙa cikin lensi yana kunne, don hasken na iya cutar da ido. Idan ƙwai ya fashe, a buɗe tagogi, ɗalibai su fita, domin zaiba guba ce.

Kammalawa

Hausawa na cewa amfanin ilimi aiki da shi. Muna ba shugabannin makarantu shawara su ɗora alhakin majigi a kan malami guda da ɗalibai biyu na ƙungiyar kimiyya, a buɗe littafin rubuta awoyin aiki da ranar share matata, a kuma ajiye wayoyi da rimot da batiransa a jaka ɗaya. Ɗalibai kuma ga gwaji: a sami kwalin takalmi, a shafa wa cikinsa baƙi, a huda gefe ɗaya a liƙa gilashin ƙara girma, a kifa wayar salula a ciki da haskenta a ƙure, sannan a riƙa matsar da ita gaba da baya a ɗaki mai duhu har hoto ya fito a bango. A auna nisan wayar da na bangon daga gilashin, a saka su cikin ƙa'idar da ta gabata, a fitar da tazarar tattara hasken gilashin, a kai wa malamin Fiziks ya duba.