Abubuwan da ya kamata ka sani game da ƙarshen gajeren labari

Mai karatu kan manta sunan tauraron labari, amma da wuya ya manta yadda labarin ya ƙare. Marubuta sun san haka, shi ya sa ba sa rufe labari da ka. Ga dalilan da ke sa su zaɓi inda za su ajiye alƙalami.

Me ya sa ƙarshe ke da nauyi haka?

Gajeren labari ba shi da filin yawo. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, tana karɓar labari mai kalmomi 1,000 zuwa 1,500 ne kawai. A irin wannan matsi, tambaya ɗaya marubuci zai iya ɗaukowa, kuma a layukan ƙarshe ne zai amsa ta ko ya miƙa wa mai karatu. Tun a 1846 marubucin Amurka Edgar Allan Poe ya yi bayanin cewa ya kamata a san ƙarshe kafin a rubuta farko.

Ƙarshen da ke koyar da darasi

Wannan shi ne gadonmu. A tatsuniya, kafin a ce ƙurunƙus, mai haɗama ya sha kunya, marainiya mai haƙuri ta samu sakamako. Abubakar Imam ya bi wannan hanya a Magana Jari Ce, inda aku ke ba ɗan sarki Musa labari har gari ya waye don ya hana shi fita daga fada. Labaran na da aikin yi: su riƙe yaro, su kuma saita masa hankali. Marubucin da ke son gyaran hali yakan zaɓi wannan ƙarshe.

Ƙarshen ba-zata

A 1884 Guy de Maupassant na Faransa ya fitar da labarin wata mata da ta ari sarƙar wuya don zuwa biki, sarƙar ta ɓace. Ita da mijinta suka ci bashi suka sayi wata, suka shekara 10 suna biya cikin wahala. Sai a ƙarshe mai sarƙar ta gaya mata ai ta jabu ce. Marubucin ya ɓoye wannan ne don mai karatu ya koma baya ya auna abin da son a-sani da ɓoye gaskiya suka jawo.

Ƙarshen da aka bari a buɗe

Anton Chekhov na Rasha, a labarinsa na 1899 kan wata mata mai ɗan kare, ya haɗa masoya biyu waɗanda kowannensu yana da aure, ya tsaya ba tare da ya warware musu ba. Wasu na ganin haka a matsayin kasawa. Amma zaɓi ne: akwai matsalar da in ka warware ta a shafi biyar, ka yi wa rayuwa ƙarya.

Ƙarshen da ke tayar da hankali

A 1948 mujallar The New Yorker ta buga labarin Shirley Jackson kan wani ƙauye da ke jefa ƙuri'a duk shekara, wanda ta faɗa kansa a jefe shi. Masu karatu suka yi ta aiko da wasiƙun fushi, wasu suka daina sayen mujallar. Jackson ta ƙi sassauta ƙarshen ne don mutane su dubi al'adun da suke bi ba tare da tambaya ba.

Yaya ake gane ƙarshe mai kyau?

Duba ko an shuka shi tun farko. Idan attajiri ya faɗo daga sama ya biya bashi, ko tauraruwa ta farka ta ga ashe mafarki ne, marubuci ya gudu daga tambayar da shi ya tayar. Kafin ka rufe labarinka, tambayi kanka abin da kake so ya tsaya wa mai karatu a rai, sannan ka koma shafin farko ka tabbatar hanyar da ka bi can take kaiwa.